Feja: tambayoyin da ake yawan yi kan 'yar na'urar nan da ta ƙi mutuwa

Yawancin waɗanda suka taso da wayar hannu ba su taɓa riƙe feja ba, wasu ma sai a Satumban 2024 suka fara jin sunanta a labarai lokacin da dubbanta suka tarwatse a Labanon, daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa kuma kusan iri ɗaya ake ta maimaitawa. Shi ne na tattara su waje guda, masu sauƙi a sama, masu ɗan zurfi a ƙasa. Feja dai ita ce wadda za ka ga an rubuta pager a labarai ko a jikin kwalinta. Na sa musu lamba don in na ce duba ta kaza ka gane inda nake nufi.

1. Wai mece ce feja ɗin nan, waya ce ko rediyo?

Ta fi kusa da rediyo. 'Yar ƙaramar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba, ana maƙala ta a bel ko a aljihu, aikinta kawai ta saurari tasha guda ɗaya dare da rana tana jiran a ambaci lambarta. Da an ambata sai ta yi ƙara ko ta yi ɓari, in mai sikirin ce ta nuna maka lamba ko ɗan gajeren saƙo. Shi kenan. Ba a kira da ita, ba a amsa kira da ita, ba kyamara ba intanet, ainihin fejar asali ma ko amsa ba za ka iya mayarwa ba, sai dai ka nemi waya ka kira wanda ya neme ka.

Ka riƙe wannan maganar ta cewa saurare kawai take yi ba ta magana, don kusan duk wani amfaninta da duk wani aibinta da za ka gani a ƙasa daga nan suka fito.

2. To ya saƙon yake tasowa daga mai aikawa har ya iso gare ta?

A da mai neman ka zai ɗauki wayar tarho ya buga lambar fejarka, sai ya ji 'yar ƙara, sai ya danna lambar da yake so ka kira shi a kai ya ajiye. In kuma saƙon rubutu ne to akwai ma'aikata a kamfanin da suke zaune aikinsu kenan, ka kira ka faɗa musu da baki su buga a kwamfuta su tura. Yanzu galibi daga kwamfutar asibiti ko ta ofishin 'yan kwana-kwana ake turawa kai tsaye, ko ta imel ko ta shafin kamfanin.

Ko ta ina ya shiga, saƙon yana zuwa wata babbar kwamfuta ne ta duba lambar sirrin da ke cikin fejarka, wadda masu harkar suke kira kafkod, ta haɗa ta da saƙon ta miƙa wa hasumiyoyin watsawa, su kuma su watsa shi a iska ko'ina a yankin. Kamar mai shela ne a tsakiyar kasuwa, kowa yana jin muryarsa amma wanda aka kira sunansa ne kaɗai zai waiwayo. Duk fejojin da ke kan wannan mita sun ji saƙon, taka ce kawai ta yi ƙara saboda lambarta ce a gaba. Wannan tsarin shi ne ya jawo matsalar sirri da ke tambaya ta 12.

3. Wa ya ƙirƙiro ta, kuma yaushe?

Sunan da aka fi kamawa shi ne Al Gross, wani injiniya haifaffen Toronto da ya tashi a Amurka, wanda dama yana cikin waɗanda suka fara ƙera rediyon hannu na oba-oba. A 1949 ya fito da tsarin fejarsa kuma likitoci ya nufa da ita. A 1950 aka fara wani sabis na likitoci a birnin New York, likita ya biya dala 12 a wata a ba shi wata 'yar rediyo mai nauyin kusan giram 200, tana kama sigina har kusan kilomita 40 daga hasumiya guda ɗaya. Sai dai ita waccan ba ta yin ƙara da kanta, likitan ne zai riƙa kara ta a kunne lokaci zuwa lokaci yana sauraron lambobin da ake ta karantowa ko tasa na ciki, ka ga ai da sauran aiki.

A Ingila asibitin St Thomas da ke Landan ya fara amfani da tsarin kamfanin Multitone a 1956. Abin da ya sauya komai shi ne zuwan taransisto, wani ɗan mitsitsin kayan lantarki da ake sa wa a cikin rediyo, wanda ya sa na'urar ta ƙanƙance ta daina shan batir, Motorola ta shigo da ƙarfinta wajen 1960 ta kuma mamaye kasuwar shekaru kusan 40. Kamfanin Bell ya nuna tasa mai suna Bellboy a babban baje kolin duniya na Seattle a 1962, Japan kuma kamfanin NTT ya buɗe sabis ɗinsa a 1968. Saboda haka in wani ya ce maka mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro feja rana ɗaya, bai faɗi duka labarin ba, hannaye da yawa ne suka taɓa ta.

4. Duk iri ɗaya ce ko akwai kala-kala?

Akwai mai ƙara zalla, wadda ba sikirin ba komai, in ta yi kuka dama ka san inda za ka kira, ofis ko asibiti. Akwai mai murya da take fito da ɗan gajeren saƙon baki, ita 'yan kashe gobara suka fi so don hannunsu ba ya zama banza balle su tsaya karatu. Sai mai lamba, wadda ta yi tashe a shekarun 1980, sai mai rubutu da lamba wadda ta biyo bayanta, sannan daga tsakiyar shekarun 1990 aka samu mai kai da kawowa da za ka iya mayar da amsa. Ita wannan ta ƙarshen tana da na'urar watsawa a cikinta, don haka wasu abubuwan da zan faɗa kan batir da bin sawu ba su shafe ta ba.

5. In lamba kawai take nunawa, ya aka yi matasa suka riƙa hira da ita?

Dabara suka yi, suka mayar da lambobi kalmomi. A Amurka in aka turo maka 911 a bayan lambar waya ana nufin ka kira yanzu-yanzu abin gaggawa ne, 143 kuma saƙon soyayya ne saboda adadin haruffan kalmomi ukun da ake furta ta da su a Turanci kenan, 07734 kuwa sai ka juya fejar sama ta koma ƙasa sannan ka ga gaisuwa ta fito. Kowane gungun abokai kuma da nasu lambobin da ba wanda ya sani sai su, har mutum yana da lambar da yake sa wa a ƙarshe a matsayin sa hannu.

Amma waɗanda suka kai abin ƙololuwa 'yan matan sakandare ne na Japan. A can ana kiranta pokeberu, kuma da yake kowace lamba a Japananci tana da karatu fiye da ɗaya sai abin ya zo musu da sauƙi, 0840 ina kwana, 14106 ina son ka. A shekarun 1990 lokacin tara a makaranta layi ake yi a gaban wayoyin kan titi ana danna lambobi da gudu, a 1996 masu feja a ƙasar sun haura miliyan 10. Ni a ganina nan aka fara koyon ɗabi'ar hira da gajerun saƙonni tun kafin tes ya zama ruwan dare, wayar hannu ta zo ne ta tarar da mutane sun riga sun saba.

6. Yaushe ta yi tashe, kuma me ya karya kasuwarta?

Shekarun 1990 ne lokacinta. Wajen 1994 ana ƙiyasin akwai feja miliyan 61 a hannun mutane, kuma ta ci gaba da ƙaruwa har ƙarshen shekarun, a Sin ma inda ake ce mata BP ta zama abin ado da nuna an waye. A Amurka har ta yi baƙin suna na wani lokaci saboda dillalan ƙwaya sun rungume ta, makarantu da yawa suka hana ɗalibai shiga da ita, duk da cewa mafi yawan masu riƙe ta likitoci ne da makanikai da 'yan kasuwa da iyaye masu neman 'ya'yansu.

Abin da ya karya ta ba ɓoyayye ba ne, wayar hannu ta yi araha. An tura tes na farko a duniya a Disambar 1992, cikin 'yan shekaru mutum ya ga cewa da na'ura ɗaya zai karɓi saƙo ya mayar ya kuma yi kira, to me zai sa ya riƙe feja sannan ya tafi neman wayar da zai kira da ita? Motorola da kanta ta sanar da fita daga harkar a 2001. A Birtaniya Vodafone ya rufe nasa sabis a 2018 aka bar kamfanin PageOne shi kaɗai, a Japan kamfani na ƙarshe, Tokyo Telemessage, ya rufe sabis ɗin jama'a a ƙarshen Satumban 2019 lokacin masu amfani da shi ba su wuce 1,500 ba.

7. To in ta mutu, me ya sa har yanzu nake jin likitoci na amfani da ita?

Saboda a wajen jama'a ta mutu, a asibiti ba ta mutu ba. A 2019 hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tana da feja kusan 130,000, wanda aka ce ya kai kashi 10 cikin 100 na duk waɗanda suka rage a duniya, ana kashe musu fam miliyan 6.6 a shekara. Sakataren lafiya na lokacin Matt Hancock ya ba da umarnin a daina amfani da su a aikin da ba na gaggawa ba kafin ƙarshen 2021, wa'adin ya zo ya wuce asibitoci da yawa suna nan da abarsu. A Amurka ma kamfanoni irin su Spok har yau da asibitoci suke cin abinci.

Dalilan ba na son tsohon abu ba ne. Ginin asibiti yana da kauri, akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, akwai ɗakin hoto da aka lulluɓe bangonsa da dalma, wuraren da waya take zama ba sabis ita kuma feja ta kama, bayanin wannan na tambaya ta 8. Sannan in zuciyar majinyaci ta tsaya ana so mutum biyar ko goma su ji a daƙiƙa ɗaya, feja tana yin wannan da saƙo guda saboda duk 'yan tawagar an sa musu lambar rukuni ɗaya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, ita feja ta aikin ce ba ta mutum ba, wanda ya gama dutinsa zai cire ya miƙa wa mai karɓarsa ya tafi gida, mai kira ba ya buƙatar sanin wane likita ne yake aiki yau, lambar mai dutin kawai zai buga.

Ga kuma maganar hankali. Wayarka tana ƙara sau ɗari a wuni, saƙon 'yan uwa da talla da guruf-guruf, har kunne ya saba ya daina damuwa. Feja in ta yi kuka abu ɗaya take nufi, ana neman ka. Ba wai likitocin suna ƙaunarta ba ne fa, da yawansu haushinta suke ji musamman in an tashe su cikin dare kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai sun nemi waya sun kira kafin su san ko mene ne. Amma an ce da tsohuwar zuma ake magani, a nan kam maganar ta zauna.

8. Da gaske ne ta fi waya kama sabis? Ta yaya tsohon abu zai fi sabo?

Da gaske ne a inda aka kafa mata hasumiya, kuma dalilin mai sauƙi ne. Waya sai an yi magana ta ɓangare biyu, hasumiya ta ji wayar, wayar ta ji hasumiya, ita kuma wayar hannu ƙarfin watsawarta bai wuce wat 2 ba, galibi ma ƙasa da haka sosai, to in kana can cikin ƙuryar gini ko da muryar hasumiya ta iso ka, taka ba za ta koma ba. Feja ba ta da wannan damuwar, ji kawai za ta yi. Hasumiyarta kuma tana watsawa da ƙarfin ɗaruruwan wat daga wuri mai tsayi, sau da yawa a kan mita ta ƙasa-ƙasa irin 150 ko 450 megahaz wadda ta fi ratsa bango, ko da yake a Amurka akwai masu yawa a wajen 900.

Abu na biyu, waya tana maƙale da hasumiya ɗaya ne a lokaci guda, feja kuwa duk hasumiyoyin yankin suna faɗar saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, in gini ya tare na gabas na yamma zai iso. Asibitoci da masana'antu da yawa ma nasu ƙaramin injin watsawa gare su a cikin harabar, ba ruwansu da kamfanin waje. Amma kar a wuce gona da iri, in ka fita daga yankin da ake watsawa feja ba ta da wani amfani, kuma yankunan nan sai raguwa suke yi.

9. Batirinta fa, kwana nawa yake yi?

Yawancinsu batir ɗaya ne ƙarami irin AA ko AAA, kuma yana kai makonni, wani lokacin fiye da wata, ya danganta da yawan saƙo da ko kana sa ta a ɓari. Ba caji, in ya mutu ka cire ka sa wani cikin rabin minti. Abin da ya fi cin batir a waya shi ne watsawa da babban sikirin, feja ba ta da ko ɗaya, sannan ko sauraron ma ba kullum kunnenta yake buɗe ba, duba tambaya ta 14 ka ga dabarar.

10. Me ya sa ake cewa ta fi amfani lokacin bala'i?

In wani babban abu ya faru kowa waya yake ɗauka, layi ya cushe, haka aka gani a New York ranar 11 ga Satumba 2001 da kuma Landan ranar harin 7 ga Yulin 2005, kira ya ƙi shiga. Ita hanyar feja daban take, jama'a ba sa kanta, saƙonninta 'yan ƙanana ne, kuma aika wa mutum 500 bai fi aika wa mutum ɗaya nauyi ba in suna rukuni guda. Ƙari a kan haka yawancin hasumiyoyinta ta tauraron ɗan adam ake ba su saƙo, ko an yanke wayoyin ƙasa suna iya ci gaba.

Sai dai wannan tauraron shi ne kuma ya taɓa kunyata ta. A watan Mayun 1998 wani tauraro mai suna Galaxy IV ya lalace ya juya baya, nan take kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na fejojin Amurka suka yi shiru, likitoci da yawa suka koma kwana a asibiti ko zama kusa da tarho, sai da aka bi eriyoyi ɗaya bayan ɗaya ana juya su zuwa wani tauraron. Don haka masu tsara aikin gaggawa da suka san abin da suke yi ba sa dogara da hanya ɗaya, feja da waya tare suke haɗawa don da wuya su faɗi lokaci guda.

11. Ban da asibiti, su wa kuma suke riƙe da ita?

'Yan kashe gobara na sa-kai, musamman a Jamus da Amurka, mutum yana wajen aikinsa ko yana barci ta yi kuka ya ruga tasha. Masu jiragen ceto na RNLI a gaɓar tekun Birtaniya da Ayalan su ma da ita ake tara su. Akwai tashoshin nukiliya da matatun mai da wasu wuraren tsaro da aka hana shiga da duk abin da yake watsa sigina ko yake da kyamara. Har masu sha'awar kallon tsuntsaye a Birtaniya sun daɗe suna biyan kuɗin feja don a sanar da su inda aka ga baƙon tsuntsu.

Kuma wataƙila kai ma ka taɓa riƙe ta ba ka sani ba, ɗan faifan nan da ake ba mutum a wasu gidajen cin abinci, wanda yake walƙiya yana ɓari in odarka ta fito, feja ce, gajeren zango kawai gare ta.

12. Saƙon feja sirri ne? Wani zai iya karantawa?

Nan ne babban rauninta. Kamar yadda na faɗa a tambaya ta 2 saƙon a iska ake watsa shi ga kowa, kuma a tsohon tsari ba a kulle shi da komai, fejar wani tana ƙin nuna saƙonka ne don ladabi kawai ba don ba ta ji ba. Mai 'yar na'urar rediyo mai araha da manhaja a kwamfuta zai iya ganin duk abin da yake wucewa, duk da cewa yin hakan laifi ne a ƙasashe da yawa. A Nuwamban 2009 shafin fallasa asirai na WikiLeaks ya saki saƙonnin feja fiye da 500,000 da wani ya naɗa a ranar 11 ga Satumba 2001, a 2016 kuma kamfanin tsaron kwamfuta Trend Micro ya nuna yadda sunayen majinyata da cututtukansu suke yawo a fili a saƙonnin asibitoci.

Akwai sababbin fejoji masu kulle saƙo, sai mai mabuɗin ne zai buɗe, amma sai kamfani da na'urar duka sun dace. In taka ba irin wannan ba ce, ƙa'idar ita ce lambar ɗaki da lambar da za a kira kawai, suna da bayanin ciwo a bari sai an haɗu a waya.

13. To in haka ne me ya sa ake cewa ba a iya bin sawun mai feja?

Abu biyu ne mutane suke cakuɗawa, sirrin saƙo daban, sirrin inda kake daban. Wayarka kullum tana gaya wa hasumiya ga ni nan ko ba ka taɓa ta ba, da haka ake sanin unguwar da kake. Feja mai karɓa zalla ba ta fitar da komai, kamfanin da kansa bai san ko kana gabas ko yamma ba, ko ma fejar tana kunne, shi ya sa yake watsa saƙon ko'ina. Ana iya karanta abin da aka turo maka amma ba a san inda ka karanta shi ba. Mai kai da kawowa kuwa, wadda na ambata a tambaya ta 4, tana watsawa, don haka ita wannan kariyar ba ta da ita.

14. Ina ganin POCSAG da FLEX a jikin bayanin feja, mene ne su?

Yaren da hasumiya da feja suke magana da shi ne. POCSAG wani kwamiti ne ƙarƙashin hukumar gidan waya ta Birtaniya ya tsara shi a ƙarshen shekarun 1970, aka karɓe shi a matsayin ma'aunin duniya a farkon shekarun 1980, yana tafiya da gudun bit 512 ko 1200 ko 2400 a daƙiƙa, wanda in ka gwada da intanet ɗin yau abin dariya ne amma ya ishi layi biyu na rubutu. FLEX na Motorola ne daga 1993, yana kai 6400, kuma yana ɗaukar fejoji da yawa a mita ɗaya.

Dabarar da ke cikinsu ita ce an yanka lokaci gida-gida, kowace feja ta san gidan da lambarta za ta iya fitowa, sai ta rufe kunne ta yi barci a sauran, ta farka daidai lokacinta ta saurara ta koma. FLEX ya fi ƙwarewa a wannan shi ya sa batirinsa ya fi daɗewa. POCSAG kuma da yake ba mallakin kowa ba ne kowane kamfani yana iya ƙera shi, shi ne har yau ya fi yawa a ƙananan tsare-tsare na cikin gida, har masu rediyon sha'awa suna wasa da shi.

15. In fejata tana kashe ko na shiga inda ba sabis, saƙon zai jira ni?

A'a, ya tafi kenan. Tes yana zama a wajen kamfani har wayarka ta dawo, feja mai karɓa zalla kuwa ba wanda ya san ko ka ji ko ba ka ji ba, mai aikawa ma ba zai ga alamar ya shiga ko bai shiga ba. Wasu tsare-tsaren suna maimaita saƙo sau biyu, wasu suna sa wa saƙonni lamba a jere don in ka ga 14 sai 16 ka san ɗaya ya ɓace, asibitoci kuma suna da dokar in ba a amsa ba cikin 'yan mintuna a sake turawa ko a nemi na gaba da shi. Wannan matsalar ce ta sa aka ƙirƙiro mai kai da kawowa tun farko.

16. Wai da gaske BlackBerry daga feja ta samo asali?

Ƙwarai. A 1995 Motorola da SkyTel suka fito da feja mai mayar da amsa, a 1996 wani kamfanin Kanada mai suna Research In Motion ya fito da tasa mai ɗan allon rubutu, sannan a 1999 ya fitar da BlackBerry ta farko, samfurin 850, wadda ba a kira da ita sam, imel kawai, kuma batir AA ɗaya take ci. Sai bayan 'yan shekaru aka sa mata waya.

17. Abin da ya faru a Labanon fa, feja tana iya fashewa haka kawai, ko a yi mata kutse daga nesa ta tashi?

A'a. Ranar 17 ga Satumba 2024 dubban fejojin da ƙungiyar Hizbullah ta raba wa mutanenta suka fashe kusan lokaci ɗaya a Labanon da wasu sassan Siriya, aƙalla mutum 12 suka mutu har da yara, kusan 2,800 suka jikkata, yawanci a hannu da fuska da ido, washegari kuma rediyoyin oba-oba suka biyo baya. Ƙungiyar ta koma feja ne saboda dalilin da ke tambaya ta 13, shugabanta na lokacin Hassan Nasrallah ya gargaɗe su tun farkon shekarar cewa wayar hannu ɗan leƙen asiri ce. Fejojin suna ɗauke da sunan kamfanin Gold Apollo na Taiwan, shi kuma ya ce ba shi ya ƙera su ba, wani kamfani ne a Budapest ya karɓi izinin amfani da sunansa. A Nuwamban shekarar firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu ya amsa cewa Isra'ila ce ta yi.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne tun kafin na'urorin su iso hannun masu su aka ɓoye abin fashewa a cikin batirinsu, saƙon da aka turo kunna shi kawai ya yi. Batirin AA ba shi da ƙarfin da zai yi wannan ɓarnar, ko batirin litiyam na waya in ya lalace kumbura yake yi ya yi zafi ya kama wuta, ba irin wannan tarwatsewar ba. Wato matsalar hanyar da kayan suka biyo ce ba fasahar feja ba, kuma da rediyo aka maimaita washegari ai ka ga kowace na'ura ana iya yi da ita.

18. Ni yanzu zan iya sayen feja in riƙa amfani da ita?

Sayen na'urar ba wuya, tsofaffi suna nan birjik a kasuwannin intanet, amma ita kaɗai ba ta da amfani sai akwai mai watsa mata. Kafin ka ba da kuɗinka ka fara bincika ko akwai kamfanin feja da yake aiki a ƙasar da kake, don a ƙasashe da yawa babu ko ɗaya yanzu, in akwai ka tambaye su mitar da suke kai da yaren da suke amfani da shi, POCSAG ne ko FLEX, saboda fejar da aka saita wa mitar wani kamfani ba za ta ji na wani ba, kuma su ne za su sa mata kafkod. Mafi sauƙi ka karɓi na'urar daga hannunsu.

In kuma don ma'aikata kake so, asibiti ko otal ko masana'anta, ana sayar da ƙaramin injin watsawa da fejojinsa a haɗe, ba kuɗin wata, sai dai yawancin ƙasashe sai ka nemi lasisin mita daga hukumar sadarwa in ƙarfinsa ya wuce na cikin ɗaki. Ka sa a zagaya da feja kowane lungu na ginin ana gwadawa kafin a biya, musamman ƙarƙashin ƙasa da cikin lif, kuma in bayanan mutane za su riƙa bi ta ciki ka koma ka sake karanta tambaya ta 12 kafin ka zaɓi samfuri.